Mai Keke da Mai Tafiya a Ƙasa: Wa Zai Kauce wa Wani?



Yau maganar hanya za mu yi, amma ba babban titi ba inda tirela da bas suke rige-rige. Ƙaramar hanya nake nufi, wadda mota ba ta shiga, wadda mai keke da mai tafiya a ƙasa suke haɗuwa a kanta babu wani shinge tsakaninsu. Wani zai ce yanzu wannan har ta isa a zauna a gidan rediyo ana tattauna ta? Ta isa mana. A Ingila maganar ta je gaban alƙali, ta je majalisa. A Japan kotu ta taɓa ɗora wa wata uwa diyyar da ta kusa dala miliyan ɗaya saboda keken ɗanta. Ku biyo ni, mu fara da Landan.

A arewacin birnin akwai wata hanyar ruwa da mutane suka haƙa da hannu, ana ce mata Regent's Canal. An gama ta a 1820, tsawonta ya kusa kilomita 14, ta taso daga wajen Paddington ta gangara har Limehouse, inda ta haɗu da babban kogin birnin. Jiragen dakon kwal da katako ne suke binta a da, kuma ba su da inji. Doki ne ke jansu da igiya, yana tafe a bakin ruwa. Shi ya sa aka yi wa dokin 'yar siririyar hanya a gefe, daidai shi da mai kora shi. Wanda ya je yau, in ya sunkuya ya duba ƙarafan da aka kafa a kusurwar wasu gadoji, zai ga inda igiya ta ci ƙarfe, layi bisa layi, har yatsa na iya shiga. An sallami dawakin a shekarun 1950, hanyarsu ta rage.

To, wannan hanya da aka auna wa doki ɗaya, yau kowa ya raja'a a kanta. Ma'aikacin da ya makara yana kan keke da safe. Tsoho yana tafe da sanda. Mai jego na tura keken jariri. Ga masu gudun motsa jiki, ga masu fatsa sun miƙe sandunansu, ga masu kwana cikin jiragen ruwa sun ɗaure igiyoyinsu a bakin hanya. Hannu ɗaya bango ne, ɗaya hannun ruwa. In an zo ƙarƙashin gada kuwa sai hanyar ta ƙara tsukewa ta lanƙwasa, rufin ya yi ƙasa har dogon mutum sai ya duƙa, ba ka ganin wanda ke zuwa sai kun yi kiciɓis.

Ƙungiyar da ke kula da waɗannan hanyoyin ruwa tun 2012, Canal & River Trust, tana riƙe da fiye da kilomita 3,000 a Ingila da Wales. Ƙa'idarta gajeriya ce: mai tafiya a ƙasa ne gaba, mai keke ya rage gudu, in wuri ya cika ya sauka ya tura. Hukumar da ta gabace ta ma ta yi kamfe a 2007 cewa mai keke ya kaɗa ƙararrawa sau biyu kafin ya wuce mutum. Sai dai babu ɗan sanda a bakin ruwa, babu mai auna gudu. Komai ya rataya a kan halin mutum, kuma nan ne ake samun faɗan.

In ka tambayi mai tafiya a ƙasa, zai ce maka keke ba ya da kuka. Mota kana jin ta tun daga nesa, keke kuwa sai dai ka ji iska ta shafi hannun rigarka, ka waiwaya ka ga ƙeyar mutum ta yi gaba. Ba a taɓa ka ba, amma gabanka ya faɗi. Tsohuwar da aka yi wa haka sau biyu sau uku, ba za ta kai ƙara ko'ina ba, daina fitowa za ta yi. Wannan asarar ba ta shiga lissafin kowace hukuma, domin ba a zubar da jini ba.

Shi ma mai keke da nasa ƙorafin. Zai ce in na kaɗa ƙararrawa a harare ni a ce ina korar mutane, in ban kaɗa ba a ce na tsorata su. Mutum ya toshe kunnuwa da abin jin waƙa, ido a kan waya, yana tafe yana tangaɗi a tsakiyar hanya. Abokai huɗu su jeru kafaɗa da kafaɗa su tare ko'ina. Mai kare yana wannan gefe, karen yana wancan gefe, igiya ta gitta tsakani. Sannan ya ƙara da maganar da ta fi nauyi: ni ma fa gudun mutuwa ne ya kawo ni nan, don in na hau titi manyan motoci ne za su niƙa ni.

Kowannensu ya faɗi gaskiya. Laifi tudu ne, an ce, ka taka naka ka hango na wani, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne mai keke da safe, mai tafiya a ƙasa da yamma, a kowane hali yana ganin ɗayan ne ba shi da tarbiyya. Amma ni ban yarda a ce an yi kunnen doki ba. Nauyin da ke kansu ba ɗaya ba ne, kuma lissafi ma ya nuna haka.

Mutum a ƙasa yana cin kamar kilomita 5 a awa. Mai keke da ba ya ko wahalar da kansa yana cin 20. A wannan gudun, cikin daƙiƙa ɗaya tak ya shafe fiye da mita 5, wato kafin idonsa ya ga yaro ya faɗo hanya, ƙwaƙwalwa ta aika wa hannu, hannu ya matsa birki, ya riga ya ci wannan tazarar. Kuma in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karon ninkawa yake yi sau huɗu. Mai tafiya ba ya da ido a ƙeya. Mai keke ne ke ganin komai, shi ya zaɓi gudun, shi ke riƙe da birki. Wanda duk zaɓi ke hannunsa, ai shi ya kamata a fara tambaya.

Birtaniya ta rubuta wannan cikin kundin ƙa'idojin hanyarta daga 29 ga Janairu, 2022. Sun jera masu amfani da hanya daki-daki, suka ce wanda ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar alhaki. Direban babbar mota ya kula da mai ƙaramar mota, mai mota ya kula da mai keke, mai keke ya kula da mai tafiya a ƙasa, musamman yara da tsofaffi da naƙasassu. Kundin har ya tunatar da mai keke cewa wanda ke gabansa yana iya zama kurma ko makaho, kuma ba lallai a gane hakan daga baya ba.

Kada ku ɗauka sabuwar rigima ce. Tun 1879 wata kotu a Ingila ta yanke cewa keke abin hawa ne a idon doka, daidai da keken doki, bayan wani ya gangaro daga tudu a guje ya buge mai tafiya. A 1888 doka ta wajabta wa mai keke ya yi gargaɗi da ƙararrawa ko usur idan zai wuce mutum. A 1968 aka ba kekuna izinin bin hanyoyin dawaki na karkara, da sharaɗin su kauce wa mahayin doki da mai tafiya a ƙasa. Kun ga ke nan kusan shekara 150 ana nanata magana ɗaya.

Duk da haka an ga giɓi a dokar tasu. A Fabrairun 2016 wani matashi mai shekara 18 ya buge wata mata mai 'ya'ya biyu a gabashin Landan, ta rasu. Kekensa na tsere ne, ba shi da birkin gaba. Da aka zo hukunci, dokar da aka iya kama shi da ita ta 1861 ce, wadda aka rubuta don masu sukuwa da keken doki. An ɗaure shi wata 18. A 2022 kuma, a titin da ya kewaye lambun Regent's Park na Landan, wani cikin ayarin masu tseren keke ya buge wata tsohuwa mai shekara 81, ta rasu bayan makonni. Gudunsu ya haura kilomita 40 a awa, a wurin da aka iyakance wa mota 32. Ba a gurfanar da shi ba, kuma a wajen binciken mutuwar an bayyana cewa iyakar gudun da ke kan allo ba ta hau kan keke ba.

Amma a yi adalci. Masu tafiya a ƙasa da ke mutuwa a titunan Birtaniya sun kai kimanin 400 a shekara, waɗanda keke ya kashe a cikinsu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Sauran kusan duk aikin mota ne. Don haka wanda ya tashi yana zagin masu keke kamar su ne annobar gari, ya bar jaki yana dukan taiki.

Wannan ya kawo mu kan mai laifi na uku, wanda ba ya wurin in ana cacar baki, wato wanda ya tsara hanyar. A 1970 haɗarin mota ya kashe mutum 16,765 a Japan. Hukuma ta ga masu keke na ƙarewa, sai ta buɗe musu ƙofa su hau gefen titi inda mutane ke tafiya. An tsirar da mai keke daga mota, an jefa tsoho a bakin keke. Can a birnin Kobe, a 2013, kotu ta umarci mahaifiyar wani yaro da ya yi karo yana ɗan shekara 11 ta biya yen miliyan 95, domin matar da ya buge a gangare ba ta farfaɗo ba. Alƙali ya ga uwar ba ta yi wa ɗanta isasshen horo a kan hawan keke ba. Bayan shekara biyu lardin Hyogo, inda Kobe take, ya wajabta wa masu keke inshora, wasu larduna suka bi sahu.

A birnin New York na Amurka kuwa, shekara da shekaru masu keke da 'yan yawon buɗe ido suna gwabzawa a kan dandamalin katako na gadar Brooklyn, layin fenti kawai ya raba su. An yi alluna, an yi wa'azi, a banza. A Satumban 2021 hukuma ta ƙwace layi ɗaya daga hannun motoci ta ba kekuna, aka bar wa masu ƙafa dandamalin. Abin da nasiha ta kasa yi, rabon fili ya yi shi. Inda mutane suka yi yawa, ladabi kaɗai ba ya faɗaɗa hanya.

To mu fa? Mu da ba mu da hanyar keke ta musamman, kusan kowace hanya tamu ta tarayya ce. Lungunan cikin birnin Kano ko Zariya ko Damagaram, inda in mai kura ya shigo sai kowa ya manne da bango. Burtali. Hanyar kasuwar ƙauye. Hanyar gona, wadda ita ce ta fi kama da abin da muke magana.

Ku ɗauki hanyar gona da damina ta yi nisa. Gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, hanyar ba ta fi taku biyu ba, ruwa ya zaizaye tsakiyarta. Wata dattijuwa tana tafe da ƙwaryar nono a ka, faifai a rufe, jikarta na biye da ita riƙe da akuya. Ta baya ga saurayi ya taho a kan tsohon keken Rali, buhun taki ɗaure a kariya, robar birki ta cinye tun bara, da silifa yake taka tayar gaba in zai tsaya. Mai kaya a ka ba ta iya waiwaye da wuya kaɗai, sai ta juya jiki gaba ɗaya, kuma wannan juyin yana cin lokaci. In yaron nan mai hankali ne, tun daga nesa zai ɗaga murya: "Gafara dai, Inna!" Ya sauke ƙafa, ya jira ta sami inda za ta raɓa. In ya zo daidai ita ya ce, "Sannu da hanya, Inna." Ta ce, "Yauwa ɗan nan, Allah ya yi albarka." An wuce lafiya, har da addu'a a kai. In kuwa mara kunya ne, sai ya zo dab da ita ya buga ƙararrawa, ta firgita ta yi dama, akuya ta yi hagu, igiya ta shiga taya. Nonon da za a sayar a sayi gishiri da magi ya bi ƙasa, shi kuma yana kwance cikin kunya da buhu a kansa, ana "ba ka da ido ne?" da "ke ba ki ji ƙararrawa ba?" Daga nan sai gaban mai unguwa.

Mu ba sai mun jira kundin Turawa ba a kan wannan. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa mahayi ne ke fara yi wa mai tafiya a ƙasa sallama, mai tafiya ya yi wa na zaune. Aka koya mana hanya tana da haƙƙi, kuma cikin haƙƙinta akwai kame cuta daga mutane, har kawar da ƙaya daga hanya ma ibada ce. Dubi yadda aka tsara abin: wanda ke sama, wanda ya fi ƙarfi da sauri, shi aka ɗora wa fara sauke kai. Bahaushe ya ɗauki wannan ya ƙara masa. Shi ya sa a garuruwa da dama har gobe yaro ba ya wuce majalisar dattawa a kan keke, sai ya sauka ya tura ya gaishe su. Abin takaici, wanda ya sauka don dattijo mai rawani, shi ne kuma zai watsa wa 'yar talla ruwan kwata bai ko waiwaya ba. Girmamawar tamu ta fi karkata ga wanda muke jin kunya, ba ga wanda muka fi ƙarfi ba.

Bari in tsaya kaɗan a kan ƙararrawa, don nan ne aka fi samun saɓani. Ƙararrawa sanarwa ce, ba umarni ba. Ma'anarta "ga ni nan tafe", ba "kauce ko in taka ka" ba. Bambancin kuwa yana ga nisa da gudu. Wadda aka kaɗa daga nesa, mai keke ya riga ya sassauta, tana ba mutum damar ya waiwaya ya zaɓi gefen da zai bi. Wadda aka kaɗa a ƙeyar mutum, firgita shi kawai take yi, kuma wanda ya firgita ba ka san inda zai yi tsalle ba. Sannan in ka kaɗa ba a motsa ba, kada ka ce taurin kai ne. Wataƙila kurma ne. Wataƙila makaho ne yana lalube da sanda. Wataƙila tsoho ne da kunne ya yi nauyi. Yaro ƙarami da akuya kuwa, ko sun ji ko ba su ji ba, babu mai iya rantsuwa a kan inda za su nufa. Maganin duka ɗaya ne, ka yi gudun da za ka iya tsayawa cikin abin da idonka ke gani. A kwana, a bakin lungu, a ƙofar makaranta lokacin tashi, ka ɗauka akwai mutum ko da ba ka gan shi ba. Da dare kuma keke babu fitila ba jarumta ba ce.

Kai ma mai tafiya a ƙasa, fifikon da aka ba ka ba lasisin tare hanya ba ne. Ka riƙe gefe ɗaya. In kuna da yawa ku bar wa mai wucewa kafa. In ka ji ƙararrawa kada ka yi ta wawar rawa dama da hagu, ka tsaya a layinka ko ka matsa gefe guda. Ka riƙe hannun yaronka. Wayar nan kuma a ɗaga ido daga kanta. Mai keken da ya ɗauko buhu biyu a kan yashi, in ya tsaya da ƙyar zai sake tashi, kauce masa ba ya rage maka komai.

Akwai kuma abin da ke tafe. Keke mai batir ya cika biranen Turai, kuma ya fara shigo mana. A Birtaniya doka ta ce injinsa kada ya wuce wat 250, kuma ya daina taimaka wa mahayi in gudu ya kai kilomita 25 a awa. Amma ana sayen waɗanda suka fi haka, ana kuma kwance musu takunkumi, musamman masu kai saƙon abinci da ake biya gwargwadon yawan saƙon da suka kai. Abu ne mai nauyi da gudun babur, amma shiru kamar keke. Mu da ko babur mai ƙara ba mu hana shi hawa gefen titi na masu ƙafa ba, ya kamata mu fara tunani tun yanzu, kafin ya cika lunguna.

Saboda haka kirana ga masu tsara tituna a jihohi da ƙananan hukumomi shi ne, in za a ba da kwangilar hanya a tuna da wanda ba shi da mota, domin su ne suka fi yawa. A bar wa mai ƙafa wurinsa, a bar wa mai keke nasa, kuma in an yi a hana a mayar da su rumfunan kasuwa da wurin ajiye motoci. Iyaye kuma, wanda ya saya wa ɗansa keke bai koya masa tsayawa da ba da hanya ba, rabin aiki ya yi. Masu ba da hayar keke ga yara, kada ku saki keken da ba ya da birki don kuɗin awa ɗaya.

Kai kuma mai sauraro da kekenka ke jingine a zaure yanzu haka, gobe da safe kafin ka hau, matsa birkin gaba, matsa na baya, kaɗa ƙararrawa ka ji. In ɗaya ba ya aiki, ka fara biyawa wajen mai gyara kafin ka wuce kasuwa.